Malam Edita, ruwan da ke fuskar takarda ba shi ne tsadar bashi ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya kara basira.

Dan Allah ka dan bani fili a shafinka in yi magana akan wani abu da ya dade yana ci min tuwo a kwarya, wato yadda ake kawo mana labarin bashin da gwamnati ko manyan kamfanoni ke ci ta hanyar sayar da takardun lamuni. Duk sanda aka fitar da irin wannan takarda sai kaji rediyo da jaridu sun dauko lamba daya tak, wai an ciyo biliyan kaza akan ruwa kashi kaza, shikenan an wuce wajen, mutum yana zaune a shagonsa a Kwari ko Singa ya gyada kai yace to ai da sauki, ko kuma yace kai wannan yayi yawa, alhali lambar da aka fada masa, wadda 'yan banki ke cewa kupon, sau da yawa ba ita ce ainihin abinda bashin zai ci ba. Ni aikin akanta nayi har na ajiye, yanzu da yamma nake dan zama da yara masu shirin jarrabawar ICAN ta zama kwararren akanta, kuma wannan babin na lissafin ruwa na hakika yana cikin wuraren da suke yawan tuntube, to idan masu karatun abin ma suna shan wuya ina ga talaka da ake cin bashin da sunansa.

Nasan tun daga nan wani zai ce Malam ai ruwa haramun ne, me ya kai ka. Eh haramun ne, babu musu, kuma ba talla nazo yi masa ba. Amma ko kana so ko baka so ofishin kula da basussuka na kasa, DMO, wanda aka kafa tun shekarar 2000, kusan kowane wata sai ya fitar da takardun lamuni na gwamnatin tarayya, kuma da kudin kasa ake biya, harajinka na ciki. Sanin yadda ake lissafa abu daban, cin sa daban. Maganar hukunci na barwa malamanmu, ni lissafin kawai na iya.

Ga yadda abin yake. Takardar lamuni alkawari ne a rubuce, mai cin bashi yace zan biya ka kudi kaza ranar kaza, kafin ranar kuma duk shekara ko duk wata shida zan dinga baka kashi kaza na wannan kudin. Wadannan lambobin a daskare suke, an buga su an gama. Amma kasuwa bata daskarewa, masu kudi suna da nasu lissafin, idan a ranar sayarwa suna iya samun kashi 15 a wani waje ba za su karbi takarda mai kashi 10 a cikakken farashinta ba, sai dai a rage musu farashi har ribarsu ta kai wannan 15 din. To kaga mai cin bashi ya rubuta miliyan daya amma abinda ya shigo hannunsa bai kai miliyan daya ba, kuma ranar biya miliyan dayan nan cif zai kirga. Kamar ka sayi buhu a Dawanau an rubuta kilo 100 a jiki, ka dora a sikeli kaga 88, kudin kilo daya da ka biya ba wanda kake zato bane.

Bari in sa lambobi dan kada ya zama surutu kawai, misali ne na kirkira, ba wani kamfani nake nufi ba. A ce wata masana'anta a Sharada ta fitar da takarda ta naira 1,000,000, shekara 3, kupon kashi 10, ana biya sau daya a karshen shekara, wato naira 100,000 duk shekara. Kasuwa kuma tana neman kashi 15. Nawa masu saye za su bayar yau? Sai a dauki duk kudin da zai zo nan gaba a dawo da shi darajar yau. Dubu darin shekarar farko ka raba da 1.15 ka samu 86,957. Na shekara ta biyu ka raba da 1.15 sau biyu ka samu 75,614. Shekara ta uku akwai dubu dari da uwar kudin, 1,100,000 kenan, ka raba da 1.15 sau uku ka samu 723,268. In ka hada duka 885,839. Wannan shi ne kudin da zai shiga akwatin kamfani, an samu gibin naira 114,161, kuma wannan gibin shima ruwa ne, kawai dai ba duk shekara ake biyansa ba sai ranar karshe ake hada shi da uwar kudi.

Yanzu nan ne gizo ke sakar. Karshen shekarar farko nawa akanta zai rubuta a matsayin ruwan da bashin ya ci? Wanda bai sani ba zai ce 100,000 mana, ba shi aka biya ba? A'a. Bashin da ke littafi ranar farko 885,839 ne, shi za ka ninka da kashi 15 na kasuwa, ya baka 132,876. Wannan shi ne ruwan shekarar na hakika. Tsabar kudin da ya fita daga banki 100,000 ne kawai, ragowar 32,876 ba a biya ba, dan haka sai ya hau kan bashin, bashin ya koma 918,715. A littafi kenan zaka yi debit din kashe kudin ruwa da 132,876, kayi kiredit din banki da 100,000, kayi kiredit din bashin da 32,876. Shekara ta biyu kuma ba tsohuwar lambar za ka dauka ba, sabuwar ce, 918,715 sau kashi 15 ya bada 137,807, a cire dubu darin da aka biya saura 37,807, bashi ya zama 956,522. Shekara ta uku 956,522 sau kashi 15 ya bada 143,478, cire 100,000 saura 43,478, ka dora akan 956,522 sai gashi 1,000,000 daidai ba kari ba ragi, ranar da za a biya uwar kudin kenan. Ni har gobe wannan wajen yana burge ni wallahi, in lissafinka bai sauka akan miliyan dayan nan ba (banda naira daya ko biyu na cike lamba) to ka koma baya akwai inda ka zame.

Ka lura da abu biyu Malam Edita. Kamfanin yana biyan kupon dinsa akan lokaci bai taba fashi ba amma bashin a littafi kara hawa yake duk shekara, ruwan ma hawa yake, 132,876 sai 137,807 sai 143,478, saboda kason bai canza ba, kashi 15 ne kullum, abinda ake ninkawa da shi ne yake girma. Sannan jimillar ruwan shekara ukun 414,161 ne, ba 300,000 da mai karanta fuskar takarda zai dauka ba. A miliyan daya abin kamar wasa ne, amma ka maida misalin nan biliyan 100 kaga gibin ya haura biliyan 11, kudin da ba zai taba fitowa a kanun labarin da yace ruwa kashi 10 ba.

Akwai hanyar ragwaye, ita ce a dauki gibin 114,161 a raba gida uku daidai, kusan 38,054 duk shekara, a dora akan dubu dari, ruwa ya zama 138,054 shekara ukun duka. Jimilla daya ce a karshe, shi yasa yara ke tambayata to Malam meye na wahalar da kai. Matsalar ita ce in ka auna 138,054 da bashin da ke littafi zaka ga shekarar farko ya haura kashi 15 da rabi, shekarar karshe kuma ya fadi kasa da 14 da rabi, wato littafin yana cewa tsadar bashin tana sauya wa alhali yarjejeniya daya ce aka kulla rana daya. A shekara 3 bambancin kadan ne, amma gwamnatin tarayya tana da takardu na shekara 20 har da na 30, a nan bambancin ba na wasa bane, riba ce ake turawa daga wata shekara zuwa wata, kuma akan ribar nan ake raba wa masu hannun jari, akanta ake yabon manaja ko a kore shi. Ka'idar Amurka tana dan daga kafa a yi rabon daidai idan bambancin bai taka kara ya karya ba, amma mu ba ita muke bi ba. Najeriya ta koma ka'idojin duniya na IFRS tun Janairun 2012 ga kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, kuma IFRS 9 da ta maye gurbin IAS 39 daga farkon 2018 hanyar ruwa na hakika ta sani ga irin wannan bashin.

Sai abinda yafi damuna, wanda kusan ba a taba fadinsa a labari, kudin hidima. Ba a fitar da takardar lamuni kyauta, akwai bankin da ya shirya ta, akwai lauyoyi, akwai amintattu masu tsare hakkin masu saye, akwai masu auna karfin biyan bashi, akwai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, kowa da kasonsa kuma tun a gaba ake cirewa. Ka'ida tace wannan kudin ba a zubar da shi a shekarar farko a manta, cire shi ake daga kudin da ya shigo sannan a sake nemo kason da zai daidaita lissafi. A misalinmu a ce hidimar ta ci 20,000, abinda ya rage a hannu 865,839, amma biyan bai ragu da ko kwabo ba, dubu dari sau uku da miliyan daya. In ka nemo kason da zai maida wadannan biyan su zama 865,839 a yau zaka same shi dab da kashi 16. Takarda tace 10, kasuwa tace 15, gaskiyar magana kusan 16. Da can sai kayi ta gwaji da kalkuleta, ka gwada 15 ka gwada 16 ka laluba tsakani, kuma a dakin jarrabawa har yanzu haka yara ke yi, amma a ofis manhajar Excel tana da dabarun lissafi na IRR da RATE, ka jera kudaden a layi ya fito maka da shi kafin ka kurbi shayi.

Idan abin ya juya, kasuwa tana kashi 8 takarda tana bada 10, to rububinta za ayi, a biya sama da fuskarta, 1,051,542 a misalinmu. Ruwan shekarar farko 84,123 ne duk da an biya 100,000, rarar 15,877 sai ta rage bashin, haka zai ta sauka har ya dawo miliyan daya. Hanya daya ce, juyawa kawai tayi, ba sai na bata maka shafi ba. Haka in duk wata shida ake biya kamar yadda takardun gwamnatin tarayya suke, sai kayi layi shida maimakon uku kayi aiki da kason rabin shekara.

Wani kuskure kuma da nake ji har a bakin manya, wai tunda babban banki ya kara ruwa to tsohon bashin kamfani kaza shima ya kara tsada a littafinsa. Ba haka bane in dai takardar mai tsayayyen kupon ce. Ranar farko ake kulle kason ruwa na hakika kuma da shi za a tafi har karshe. Dauki 'yan garinmu ma, a 2020 Dangote Cement ya fitar da takarda ta biliyan 100 ta shekara 5 akan kashi 12.5, karshen shekarar kuma BUA Cement ya fitar da ta biliyan 115 ta shekara 7 akan kashi 7.5, lokacin ruwa ya fadi warwas, ma'aunin ruwa na babban banki CBN ya sauko kashi 11.5. Daga 2022 aka fara dagawa har ya kai 27.5 a karshen 2024. Wanda ya ci bashi da arha a wancan lokacin ya ci bulus, littafinsa ya ci gaba da zama akan kason ranar farko. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai rike da takardar in yazo sayarwa kafin wa'adi, dan ba mai sayen takarda mai 7.5 a cikakken farashi ana zaune a irin wannan kasuwar, shi kuma sabon mai sayen da ya same ta da rangwame nasa kason na hakika daban ne, daga farashin da shi ya biya zai fara lissafi. Takarda daya, mai bashi da nasa kason, kowane mai saye da nasa.

Kuma kada wani ya dauka rangwamen nan a littafin makaranta kawai yake. DMO ba kullum take kirkiro sabuwar takarda ba, sau da yawa tsohuwa take sake budewa ta kara sayar da ita, kupon yana nan yadda yake tun asali, farashin ne ke sauka ko ya hau ya dace da abinda masu tayi suka nema ranar gwanjon. A sakamakon da suke fitarwa lambobin biyu duk suna nan, na kupon da na kason da aka tsaya a gwanjo, sai dai mai dauko labari ya dauki wanda idonsa ya fara gani. Sannan masu sayen nan ba wasu baki bane daga sama, kaso mafi tsoka na kudin fanshon ma'aikata da ake tarawa tun dokar 2004 a takardun gwamnatin tarayya yake kwance, dan haka malamin BUK ko ma'aikacin asibitin Malam Aminu Kano da yace shi ba ruwansa da wannan lissafin, to kudin tsufansa da ruwansu.

To sukuk fa? Nan ne mutanenmu suka fi sakin jiki kuma da dalilinsu. Jihar Osun ta fara a 2013 ta gina makarantu, gwamnatin tarayya ta biyo baya a Satumbar 2017 da biliyan 100 na shekara 7 akan haya kashi 16.47, aka zuba a tituna, duk mai bin manyan hanyoyi yaga allunan sukuk a gefen titi. Tsarinsa daban ne, kadara ce ake haya ba kudi ake bayarwa ya haihu ba, kuma akwai malamai masu duba shi. Amma ta bangaren akanta in ka sayi takardar sukuk kasa da fuskarta ko sama da ita, ko mai fitarwa ya kashe kudin hidima, tambayar bata canza ba, nawa ya shiga hannu yau, nawa zai fita kuma yaushe, wane kaso ne ya hada su. Dan haka yaranmu masu karanta harkar bankin Musulunci a BUK da masu burin aiki a Jaiz kada su tsallake babin nan suce na masu ruwa ne, za su same shi yana jiransu a tebur. Kasancewar abu halal bai hana shi tsada ba, kuma bai hana a tambayi nawa aka kashe wajen shirya shi ba.

Inda nake so 'yan jarida su fi matsawa shi ne jihohi. In jiha ta fitar da takardar lamuni yawanci sai ta sa hannu a umarnin da ba a janyewa, a dinga cire biyan tun daga Abuja kafin kason wata ya iso, wato gwamnan da ya ci bashin zai iya gama wa'adinsa ya tafi wanda ya gaje shi ya tarar ana yanka. Kuma tun 2016 aka ce gwamnatoci su koma tsarin IPSAS na rubuta abu lokacin da ya hau kanka ba sai ranar da kudi ya fita ba, to a karkashin wannan tsarin ruwan da ya taru ba a biya ba dole ya fito a littafi duk shekara. Mai kallon tsabar kudi kawai zai ga dubu dari dubu dari yana murna, sai shekarar karshe gibin ya fado masa gaba daya. Dan majalisar da aka kawo wa takardar neman amincewa da bashi, in duk abinda ya tambaya shi ne kashi nawa ne, aka ce masa kaza yace na amince, gaskiya bai tambayi komai ba. Ba wai ina cewa ana boye wani abu bane, yawancin bayanan nan suna cikin kundin da ake bugawa kafin sayarwa da kuma bayanan karshen shekara da odita ya sa wa hannu, karantawa ce ba a yi, kuma shafukan da yawa ga turanci mai kauri.

Rokona gareka Malam Edita, duk sanda wakilinka zai kawo labarin takardar lamuni, ta tarayya ce ko ta jiha ko ta kamfani ko sukuk, ya daure ya tambayo nawa ne ya shiga asusu bayan an cire rangwame da kudin hidima, ya hada mana da shekarun biya da kupon din, in ya samo wadannan ko dalibin ajin karshe a sashen akanta zai fitar masa da kason gaskiya a waya cikin minti biyar, sai a buga lambobin biyu gefe da gefe mai karatu ya gani da idonsa. In kuma kana ganin da amfani a ware dan gurbi ko sau daya a wata na irin wannan lissafin da Hausa, akwai tsofaffin akantoci da yawa a garin nan 'yan ICAN da 'yan ANAN da za su rubuta maka ba sai ka biya su ba, nima zan kawo na haya da na murabaha in Allah ya kaimu.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka,
Wani tsohon akanta, daga Hotoro, Kano.